Ku sayar da gefen jirgi, ku bar mana taga

Gidanmu a Ngaundere ta Kamaru ba shi da nisa da gar, wato tashar jirgin ƙasa. Duk yaron da ya tashi a wajenmu ya san kukan jirgin Yawunde tun bai shiga makarantar allo ba. Kwana yake yi a hanya, kilomita 600 da ɗoriya, ya biyo ta Belabo da Ngaundal, ya iso da hantsi, wata rana kuma sai rana ta take. Mukan tsaya a bakin shinge muna ƙirga taragu. Da yawa cikin abokan wasana har suka yi aure ba su taɓa sa ƙafa a cikinsa ba, amma ko cikin barci aka tashe su za su faɗi launinsa. Masu kallon jirgi sun ninka masu hawansa nesa ba kusa ba, kuma saboda wannan nake so mu yi magana a kan tallan da ake mannawa a jikin abin hawa na jama'a har ya rufe taga.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai fenti ne. Tun da layin dogo ya iso Ngaundere a 1974 bai ƙara gaba ba, don haka duk kayan da jirgi ya sauke manyan motoci ne ke kwasa zuwa Garwa, Marwa, Kusuri, har su ƙetare gada su shiga Njamena. A jikin waɗannan motoci ya ci abincinsa. Ina ganinsa har yanzu a idona: ya shafa wa zare alli, ya ba ni baki ɗaya in riƙe, ya ja ya saki, layi ya fito tas a jikin katako. Sannan ya juya ya ce wa mai mota, "Alhaji, me za a rubuta?" Wani ya ce a sa "Haƙuri maganin duniya", wani "Allah ya kiyaye hanya", wani kuma sunan mahaifiyarsa kawai yake so. Abu ɗaya ne Baba ba ya yarda da shi ko nawa za a ƙara masa. Ba ya kai buroshi kan gilashi. Idan direba ya matsa, sai ya ce, "Gilashi na ido ne, ɗana." Ina yaro na ɗauka ƙa'idar sana'a ce kawai. Sai da na girma na gane nauyin maganar.

Sarin kaya ya kai ni Dubai, a can na fara ganin jirgin cikin gari da ke tafiya a kan gada saman tituna, ba direba, tun 2009 yake aiki. Wata yamma ina tsaye a ƙasa sai ga wani ya wuce an lulluɓe shi da hoto tun daga kai har wutsiya, tarago bayan tarago, hoton guda ɗaya ne ya miƙe a jikinsa. Ba zan ɓoye ba, ya burge ni. Na ɗaga waya na ɗauka, na tura gida. Ashe abin ba fenti ba ne. Leda ce mai gam a baya, inji ke buga hoton a kanta, ma'aikata su manna ta falle-falle su goge da roba don iska ta fita, idan wa'adin talla ya cika a ɓare a sa wata. Wadda ake sa wa a kan taga kuwa tana da ƙananan huji kamar rariya. Na waje yana ganin hoto cikakke, na ciki kuma yana leƙen duniya ta cikin hujin. Da rana tsaka, hasken waje ya fi na ciki, ana ɗan gani. Idan duhu ya shigo aka kunna fitilun ciki, ko ruwan sama ya cike hujin, shi ke nan.

Na san abin da mai karatu zai ce. Zai ce, malam, mu da ke fama da ramuka a hanyar Mora zuwa Kusuri, ina mu ina jirgin cikin gari? Cadi ko taku ɗaya na layin dogo ba ta da shi, maganar jan layi daga Ngaundere zuwa Njamena kuma shekara da shekaru ana yin ta a takarda. Gaskiya ne. Amma a duba maƙwabta. Alƙahira ta buɗe nata tun 1987. Adis Ababa ta samu a 2015, Abuja a 2018, Dakar a ƙarshen 2021, Legas kuma ta fara ɗaukar fasinja a layinta na farko a watan Satumba na 2023, daga Marina zuwa Mile 2. Duwala da Yawunde ma ba su daina maganar manyan motocin bas masu hanyarsu ta kansu ba. Abin yana matsowa. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane, kuma a wannan batu karin maganar ta zauna daram, domin yarjejeniyar talla a kan irin waɗannan ayyuka tun kafin fasinja na farko ya shiga ake ƙulla ta, a ofis, ba da sanin kowa ba.

Ban da haka ma, ɗabi'ar ta riga jirgin isowa. Ku zaga Garwa daga Yelwa zuwa Pumpumre, ko Domayo a Marwa, ku ƙirga katangun da aka shafe da ruwan ɗorawa na wannan kamfani ko ruwan lemo na wancan. Rigar ɗan moto, mai haya da babur, da aka yi don a ga lambarsa, yau sunan kamfani ya fi lambar girma. Motocin ajans, wato kamfanonin sufuri, da ke jigila tsakanin garuruwanmu kuwa, wasu an naɗe su ruf da leda har tagogi. Abin da za a yi wa jirginmu gobe, shi ake gwadawa a kanmu yau da bas.

Damina biyu da suka wuce na raka Inna suna. 'Yar ƙanwarta ce ta haihu a wani ƙauye da ke bakin titi tsakanin Mbe da Ngong. Ni ban taɓa zuwa ba, ita kuwa ta san wurin tun tana amarya. Ƙauyen ba shi da allo. Na tambaye ta yadda za mu gane, ta ce, "Kai dai ka bar ni da taga. In mun wuce 'yar gada, akwai kuka biyu a hannun dama, da masallaci mai koren ƙofa. Nan za mu sauka." Inna ba ta karanta boko, Faransanci kuma sai gaisuwa, amma ban taɓa ganin ta ɓata a hanyar da ta bi sau ɗaya ba.

Na yanki tikiti a wani ajans, na zaɓar mata kujerar taga ta hannun dama. Sabuwar mota ce mai sanyi, tagoginta ba sa buɗuwa, an naɗe ta da tallan wani abin sha. Bayan azahar muka tashi. Muna gangara falez, gangaren dutsen da ke gaban Ngaundere, inda kowa ke yin tsit yana kallon kwari yana salati, na lura tana matso da fuskarta jikin gilashi tana ƙanƙance ido. Ta ce garin kamar an yi hazo. Muna wuce Mbe hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Ɗigon ruwa ya shiga hujin ledar nan ya zauna, sai taga ta koma kamar an shafa mata koko. Ta kama bakin mayafinta tana goge gilashin, tana gogewa, alhali ruwan a waje yake. Magariba ta kawo jiki, direba ya kunna fitilun ciki, daga nan fuskarmu kawai muke gani a gilashi.

Na tashi na je gaba na yi wa yaron mota kwatance. Ya ce shi sabo ne a layin, direba kuma ya ce kuka a wannan hanya ba ta ƙirguwa, ga ruwa, ba zai iya tafiya yana neman masallaci ba. Ban ga laifinsu ba. Yaron har ya biyo ni ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi daga nan ni ma ba na ganin komai." Sai da fitilun Ngong suka bayyana ta gilashin gaba muka san mun wuce. A rumfar wani mai shayi muka kwana, Allah ya saka masa, ya ba Inna tabarma da bargo. Da asuba muka samu moto biyu muka koma baya cikin taɓo. Ko da muka isa an riga an raɗa suna, an shafa fatiha, maza sun watse. Ita ce babba a dangin da suka rage, ita aka so ta fara karɓar jaririyar. Ba ta yi faɗa ba. Da muka dawo gida ne take ba maƙwabciyarta labari, na ji ta ce, "Kuɗinmu muka biya aka sa mu a buhu."

Wannan kalma ta buhu ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Wanda ya sayar da tagar bai yi nufin cutar da kowa ba, na yarda. Ya duba motarsa ya ga fili a banza, aka ba shi kuɗi ya karɓa. Sai dai filin ba a banza yake ba, akwai mai amfani da shi, kuma ta riga ta biya. Kujerar taga da ganin waje ake sayar da ita. Ya sayar da abu ɗaya sau biyu, na biyun ya kashe na farko.

To a ɗauki wannan a kai shi jirgin cikin gari, inda tasha take bayan tasha cikin minti biyu ko uku, ƙofa ta buɗe daƙiƙa kaɗan ta rufe. Wanda ya iya karatu zai duba allon lantarki a cikin tarago. Wanda ke jin Faransanci ko Ingilishi zai saurari sanarwa. Tsohuwa da ta zo daga Pitowa ko Figil ganin jika fa? Bafulatanin da ya kawo shanu, ko Balaraben Shuwa da ya ƙetaro daga Kusuri? Karatunsu shi ne hasumiyar masallaci, rufin kasuwa, gadar Binuwai, launin mota. A ƙasarmu launi rubutu ne. Baƙo ya sauka Yawunde ya ga mota ruwan ɗorawa ya san taksi ce, ba sai an gaya masa ba. Legas ma da launi ta raɗa wa layukanta suna, shuɗi da ja. Idan aka wayi gari jirgin layin shuɗi ya zo sanye da jar rigar wani kamfani, wata mai zuwa kuma kore, an goge wa dubban mutane rubutun da suka iya karantawa. Kuma ba su ne ke zuwa taron da ake yanke shawara ba.

Akwai kuma maganar tsaro da ba na so in wuce ta. Ranar da aka yi hatsari, Allah ya kiyaye, taga ce ƙofa. Masu ceto suna bukatar su leƙa su ga wa ke ciki, na ciki yana bukatar ya ga ta ina zai fita. Mace da ta shiga tarago da dare ita kaɗai, hankalinta ya fi kwanciya idan ta san na kan dandamali suna ganin abin da ke faruwa a ciki. Yankinmu ya sha wahalar rashin tsaro fiye da a ce mu rufe wa juna gani da hannunmu saboda talla.

Idan aka saba da sayar da jiki, suna ke biyo baya. A Madrid ta Sifaniya, daga 2013 zuwa 2016, tashar Sol da ke tsakiyar birni ta koma ɗauke da sunan Vodafone, har da layi na 2 gaba ɗaya, a kan yuro miliyan 3. Mutanen gari da yawa ba su so ba, da wa'adi ya cika aka maido da sunan asali. A Landan, cikin Satumba na 2023, an sauya allunan tashar Bond Street na 'yan kwanaki suka koma Burberry Street saboda makon nunin tufafi, fasinjoji suka yi ta ƙorafin sun rikice sun wuce tasharsu. Waɗannan fa mutane ne masu karatu, a cikin garinsu, da harshensu. Dubai kuwa tun farko ta sa sunayen tashoshinta a kasuwa, akwai tashar da ta sauya suna fiye da sau ɗaya cikin 'yan shekaru. Ku yi tunanin a ce Baladji ko Sabongari ko Rumde Ajiya, sunayen da kakanni suka bari, za a ba da hayarsu shekara uku-uku. Ta yaya za ka yi wa baƙonka kwatance?

Tallan cikin tarago da na waje ba ɗaya ba ne, ko da yake kamfani ɗaya ke sayar da su. Na ciki, wanda ya yanki tikiti ne kaɗai zai gani. Na waje kuwa yana bi ta ƙofar gidan wanda bai taɓa hawa ba, ta gaban makaranta, ta gefen maƙabarta, ta bayan masallaci ana tsakiyar salla. Rediyo in ya dame ka ka murɗa. Waya ka kife ta. Jirgin da ke wucewa ta unguwarku kowane minti goma ba ka da yadda za ka yi da shi, ɗanka ma haka. Shi ya sa nake ganin jikin abin hawa na jama'a kamar bangon gari ne, kowa yana da haƙƙi a kai, har wanda ba shi da ko dala.

Sannan mu tambayi kanmu tsakani da Allah, wa ke da kuɗin naɗe jirgi sukutum a ƙasar nan? Ba mai ƙosai ba ce, ba telan Hausare ba ne, ba masu dukan fata na Marwa ba ne. Kamfanonin waya ne, da bankuna, da masu giya, da masu cacar ƙwallo, da masu man shafawa. Na farkon biyu ba ni da ja da su. Cacar ƙwallo kuwa na ga abin da ta yi a unguwarmu. Na san ɗan moto da ke fita tun asuba, ya sha rana ya sha ƙura, da yamma ya tsaya a kiyos ɗin caca ya zuba cinikin yini a kan wasan da ake bugawa a Ingila, ya koma gida ya ce wa matarsa yau ba kasuwa. Ba shi kaɗai ba ne. A ɗauki wannan jaraba a buga ta da girman tarago biyar, da hoton saurayi yana dariya riƙe da damin kuɗi, a riƙa zagaya gari da ita a jikin abin da aka gina da bashin da jikokinmu za su biya, wannan ban yarda da shi ba, kuma ba na jin akwai kuɗin da zai sa in yarda.

Hana irin wannan ba baƙon abu ba ne. Dokar talla ta Kamaru, mai lamba 2006/018 ta ranar 29 ga Disamba 2006, ta hana tallan taba sigari a jarida da rediyo da talabijin da alluna. A watan Agusta na 2022 ma'aikatar lafiya ta hana shigo da mayukan bilicin masu ɗauke da sinadarai masu cutarwa da sayar da su. Ke nan hukuma ta riga ta amince cewa ba duk abin da ke kawo kuɗi ne ya halatta a ɗaga wa jama'a ba. Landan, wadda ba wanda zai ce ba ta son kasuwanci, tun Fabrairu na 2019 ta hana tallan abinci mai yawan sukari da gishiri da maiƙo a jiragenta da bas-bas ɗinta, saboda ƙibar yara. Su damuwarsu ke nan. Mu ma muna da tamu, mun kuma fi kowa saninta.

Yanzu bari in ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, domin ni ɗan kasuwa ne, na san ba a tafiyar da komai da fatar baki. Jirgin cikin gari rijiya ce mai cin kuɗi. Ga wuta, ga gyara, ga albashi, ga kayan da sai an yi odarsu daga waje. A yawancin biranen duniya kuɗin tikiti ba ya rufe hidimar, sai gwamnati ta cika. Idan tallan da ke gefen tarago zai sa a rage wa talaka ko da sefa 50 a tikiti, ko a sayi tayar da ta mutu a kan lokaci, wane ne ni da zan ce a'a? Dabarar ma tsohuwa ce. A 1964 wani Bafaranshe, Jean-Claude Decaux, ya yi wa birnin Liyon tayin gina rumfunan jiran bas kyauta, shi kuma a bar shi ya sa talla a jiki. Mutane suka samu inuwa, shi ya samu kasuwa, kamfaninsa yau yana cikin manya a duniya. Wanda ya taɓa tsayuwa jiran mota a Garwa cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba zai raina rumfa ba ko tallan me ke jikinta.

Abin lura shi ne a Liyon an ga rumfar. Mutum zai iya dafa ta ya ce ga abin da aka ba mu. A wajenmu fa? Komin, wato ƙaramar hukuma, tana karɓar harajin alluna, wannan kowane mai shago ya sani domin ana zuwa masa da takarda. Amma ban taɓa ganin an liƙa a ƙofar meri, ofishin magajin gari, cewa ga abin da talla ya kawo bana, ga abin da aka yi da shi ba. Maƙwabcina an shafe katangar shagonsa da launin wani kamfani, na tambaye shi nawa suka ba shi, ya ce ba ko sisi, sun ce ai ya samu fenti kyauta. Shekara uku katangarsa tana yi musu aiki dare da rana. Ina tsoron kada birni guda ya yi irin cinikin maƙwabcina. Kuɗin talla, ko a manyan biranen da ke da masu saye da yawa, ɗan ƙaramin kaso ne na abin da sufuri ke ci. Bai kai a ce saboda shi an miƙa taga da launi da suna ba. Gefen tarago daga ƙasan taga zuwa ƙasa fili ne babba, ya ishi kowane kamfani ya faɗi abin da zai faɗa.

Wani abu kuma yana ci mini rai, wataƙila don ni ɗan mai fenti ne. A Niyok ta Amurka, shekarun 1970 da 1980, samarin unguwannin talakawa sun riƙa shiga inda ake ajiye jirage da dare suna zane a jikinsu da fentin fesawa. Hukuma ta yaƙe su da shinge da karnuka da kamu, har a watan Mayu na 1989 ta sanar cewa ta janye tarago na ƙarshe mai zane. Ba na goyon bayan a ɓata kayan jama'a, kuma na fahimci dalilin hukuma. Amma bayan shekaru sai ga shi a birnin nan ana naɗe jirgi ciki da waje da hoton kamfani, da izini, da rasit. Ashe jikin jirgi yana karɓar zane, tambayar ita ce zanen wa. A nan gida ma haka abin ya tafi. Abokan sana'ar Baba da suka rage suna zaune a inuwa, buroshinsu ya bushe. Ledar a Duwala ake buga ta ko a ƙetare, a kawo a manna cikin yini ɗaya. Ranarmu kuwa ba ta raga mata. Kafin shekara ta zagayo ta koɗe, ta tsattsage, gefenta ya ɗaɗɗago yana kaɗawa, kamfani ya gama kamfen ɗinsa ya tafi, ba mai zuwa ya ɓare. Rubutun Baba a jikin wata tsohuwar mota da ke ajiye a bayan gar har yau ana karanta shi.

Ana iya gyara ɓarna bayan ta auku, amma da wahala. Sao Paulo ta Barazil sai da ta kai mutane ba sa ganin gine-ginen garinsu saboda alluna, sannan a 2006, zamanin magajin gari Gilberto Kassab, aka yi dokar tsabtace birni, aka sauke alluna wajen 15,000, aka hana talla a jikin bas da taksi. An sha shari'a da kamfanoni kafin abin ya zauna. Su suna da kotuna masu ƙarfi da 'yan jarida masu bin diddigi. Mu da ba mu kai nan ba, sauƙinmu shi ne a rubuta sharaɗin tun takarda tana fara.

Abin da nake roƙon masu unguwanni da kansiloli da limamai da shugabannin 'yan kasuwa su riƙe ba shi da yawa, kuma ba sai an jira jirgi ba, a fara da motocin da ke gabanmu. Gilashi a bar shi fes, ko da leda mai huji ce kada a yarda, domin na ga yadda hujin ke yi da ruwa. Goshin mota ko jirgi da launin layinsa da lambarsa su zauna yadda aka san su. Sunan tasha sunan unguwa ne, ba na haya ba ne. Caca da giya da man bilicin su nemi wani wuri. Kuɗin da aka karɓa kuma a faɗe shi a fili, da sunan wanda ya biya da tsawon wa'adi, a kuma ɗora wa kamfani nauyin ɓare ledarsa ranar da wa'adin ya cika.

Ina kuma so a ware wani kaso na filin don maganar jama'a. Kwalara tana yawan ziyartar yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru da damina. Ana rigakafin shan inna da ƙyanda. Ambaliya tana cin Yagwa da Kusuri da unguwannin Njamena. Abin da ke zagaya gari yini guda ya fi kowane allo isar da saƙo, to me zai hana tarago ɗaya cikin biyar ya ɗauki irin wannan, da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa, da boko da ajami, da hoto babba don wanda ba ya karanta ko ɗaya? A kuma ba masu zanen gida aikin. Lokacin da Garwa ta karɓi wasu wasannin gasar cin kofin Afirka a farkon 2022 mun ga yadda gari ke sauya fuska cikin 'yan watanni idan hukuma ta sa kanta. Hannun da za su yi aikin suna nan.

Watan jiya Inna ta ce za ta koma ƙauyen nan, yarinyar da aka haifa ta fara tafiya, tana so ta gan ta. Na ce zan yanko mata tikiti. Ta ce, "Ka je ka ga motar da idonka tukuna." Na je ajans na shiga fili na duba. Wadda za ta fara tashi sabuwa ce, an naɗe ta har sama. Ta bayanta tsohuwa ce, ba sanyi, kujerunta sun sha jiki, sai bayan awa biyu za ta tashi, amma gilashinta fes. Na kira ta na gaya mata. Ta ce in karɓar mata ta biyun, kujerar taga, hannun dama.